Ranar da Nereida ta Shaƙe Janar

A duk ƙauyen nan da ke gefen garin Cotuí, tsakanin gonakin koko da fadamun shinkafa, babu wanda Doña Nereida, wato Uwargida Nereida, ta raina kamar ƙanenta Plinio. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ita ta goya shi, ita ta share masa majina, kuma a ganinta tun daga lokacin bai ƙara hankali ko kaɗan ba, gashin baki kawai ya fito masa. Mutum ya tsufa, ga mata ga 'ya'ya har da jika, amma abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne wani jan zakaran faɗa mai askakkun cinyoyi, wanda ya raɗa wa suna Janar. Zakaran nan ana yi masa wanka, ana shafa masa barasa, ana tsince masa masara ƙwara-ƙwara, ana haɗa masa da gwaiduwar ƙwai. Yokasta matar Plinio kuwa, ita kanta ta manta rabon da mijinta ya tambaye ta ko ta karya.

Nereida tana da rumfa a bakin titi, inda take sayar da tuƙaƙƙiyar agade da soyayyen cuku da albasa ga 'yan acaɓa da masu sammakon gona. Daga nan take hango masu zakaru ran Lahadi suna wucewa dandalin faɗan zakaru, kowa ya rungume kazarsa a ƙirji kamar jaririn da za a kai baftisma. Ba ta gaishe su, in sun gaishe ta sai ta amsa da hanci. Ranar da aka binne mijinta Fermín, ba a gama tura ƙasa ba Plinio da abokansa suka sulale ɗaya bayan ɗaya, don akwai babbar karawa a dandali. Ba ta taɓa yi masa maganar ba, ta dai ajiye shi inda ya dace da shi.

Wata Lahadi Janar ya kashe abokin karawarsa. Plinio ya yi tsalle ya faɗa cikin da'irar ya sure shi, zakara kuwa bai huce ba tukuna, ya kai shuri. Tsinin da ake ɗaura musu a ƙafa ya tsaga wa Plinio tafin hannun hagu. Maimakon ya nemi ruwa da sabulu, sai ya ɗaga hannun sama yana nuna wa jama'a, jini na bin damtsensa, ana ta shewa. Babban amininsa Eladio, mai akori-kurar da ke jigilar shinkafa, ya guntsi barasa ya fesa wa ciwon, yadda suke yi wa kaji, sannan ya ɗaure masa da tsumman da aka goge wa Janar jini. Da labarin ya iso rumfa, Nereida ta ce ashe zakaran ya fi mai shi basira, tunda shi ya san wanda ya kamata ya sara.

A tsakiyar mako Yokasta ta zo neman citta da ganyen lemo, ta ce mura ce ta kama Plinio, ko kuma zazzaɓin sauro. Nereida ta ce ta je Janar ya dafa masa. Amma ta ba ta, ta kuma ara mata babbar tukunya don ta yi masa farfesu. Washegari rana ta take ba a dawo da tukunyar ba, ita kuma tana son dafa wake. Ta rufe rumfa ta nufi gidan tana mita.

Tun daga bakin shinge ta ji dariya. Eladio da wasu biyu suna ƙarƙashin bishiyar mangwaro suna buga domino, kwalba a tsakiyarsu. Plinio yana gefe a kujera mai lilo, a cikin rana tsaka, an lulluɓe shi da bargo, haƙoransa na haɗuwa. Magana yake yi da mahaifiyarsu, wadda ta daɗe a kabari, yana ce mata ta rufe akurki ruwa na zuwa. Eladio ya maƙale murya kamar ta tsohuwa yana amsa masa, sauran suna riƙe ciki.

Nereida ta tsaya. Ta taɓa ganin wannan rawar sanyin a cikin zafin rana, ta taɓa jin irin wannan sambatun. Fermín ma da ɗan saran adda ya fara, a ƙauri, a gonar koko. Aka ɗaura masa ganye, aka ɗura masa barasa, mutanen nan dai su ne suka ce a bar shi ya yi gumi zai ware. Da aka kai shi asibitin birnin Santiago, sai da ƙyar yake gane ta. Wata likita ta zaunar da ita a baranda ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce sunan abin sepsis, gubar jini. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta rauni ko ta huhu ko ta mafitsara, jiki ya tashi yaƙi da su, har ya haukace ya koma cin kansa. Ta faɗa mata alamunsa, ta ce abin ba ya jiran gobe. Nereida ba ta iya rubutu sosai ba, amma babu kalmar da ta zube mata.

Ta ƙarasa ta yaye bargon. Goshinsa zau kamar murhu, amma yatsunsa sanyi ƙalau, jikinsa sharkaf da wani irin gumi mai danƙo. Numfashi yake sama-sama, kamar karen da ya sha gudu. Ta ɗora hannu a ƙirjinsa ta ji zuciya na dukan tara-tara. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Ta warware tsumman, wari ya bugo ta. Hannun ya kumbura suntum yana sheƙi, ga wani duhun layi ya taso daga wuyan hannu ya bi har gwiwar hannu.

Ta ƙwala wa Yokasta kira, ta fito daga madafa tana goge hannu. Nereida ta tambaye ta yaushe rabonsa da fitsari. Yokasta ta yi kame-kame, ta dubi mazan, sannan ta ce a hankali tun jiya da safe ba ta ga ya zagaya ba, kuma ko na jiyan ɗan kaɗan ne, ja kamar shayi.

"Doña, yanzu kuma fitsarin maza kika koma bi?" in ji Eladio, ya buga domino a tebur. "In aikin ya yi miki daɗi, ni ma nawa yana nan."

Ba ta ko dube shi ba. Ta ce ya tashi ya tayar da mota, asibiti za a kai Plinio yanzu-yanzu.

Nan fa kowa ya zama likita. Eladio ya ce motarsa cike take da shinkafa, injin casa zai kai, kuma kompadre Plinio, wato amininsa, da bakinsa ya ce kada a kai shi wurin masu yanke hannu. Ɗaya ya ce barasar shekaranjiya ce ba ta sake shi ba. Ɗayan ya ce akwai wata tsohuwa a tsallaken rafi mai yi wa rauni addu'a, ta taɓa warkar da alfadarinsa. Suka yanke shawara a tsakaninsu cewa a ƙara masa farfesu mai yaji a lulluɓe shi, in bai ware ba zuwa gobe sai a duba. Yokasta tana tsaye tana murza gefen siket, don ita duk rayuwarta abin da maza suka ce shi ne.

Nereida ta dube su ɗaya-ɗaya. Manyan banza, da tumbi da furfura, an tara su uku ba a samu hankalin mutum ɗaya ba. Ta san in ta tsaya yi musu bayani sai rana ta faɗi suna gardama. Ta juya ta nufi bayan gida, inda kejin Janar yake a inuwa, an shimfiɗa masa yashi mai tsabta, ga ruwansa a kwano mai kyau wanda ya fi na Yokasta. Ta buɗe ta damƙo shi, ƙafafu a hannu ɗaya, wuya a ɗayan, yadda take kama kazar miya. Ta fito da shi tsakar gida yana fuffuka.

Tebur ya kife. Domino ya watse a ƙasa. Mutanen da ɗazu ko gyara zama ba su yi ba, ga su tsaye cirko-cirko, hannuwa a gaba suna lallashi.

"Eladio," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ko ka tayar da motar nan, ko yau Yokasta ta sami naman farfesu."

"Doña, don girman Allah. Kin san ko nawa aka taya zakaran nan? Lahadi yana da karawa, duk mun zuba kuɗi a kansa."

Ta ɗan murɗa. Janar ya yi wani ƙara mai ban tausayi. Kafin ta sake magana Eladio ya kai bakin shinge yana laluben makulli, sauran biyun sun ciccibi Plinio da kujerarsa. Ɗan'uwanta na mutuwa a gabansu suna dariya, amma an taɓa wuyan kaza sun zama 'yan agaji. Ta tofar da yawu ta bi su.

Aka kwantar da Plinio a bayan mota a kan buhunan shinkafa, Yokasta na riƙe masa lema. Nereida ta ƙi zama a gaba. Ta hau baya ita ma, Janar a cinyarta, hannunta a wuyansa, inda Eladio zai riƙa hango ta a madubi. Duk sanda ya rage gudu sai ta ɗaga masa zakaran. Ba a taɓa ganin akori-kurar nan ta yi irin wannan gudu ba, ko ranar da ambaliya ta biyo ta.

Sun wuce gada ke nan Plinio ya buɗe ido, hankalinsa ya ɗan dawo. Ya dube ta ya gane ta.

"Yaya, mutuwa zan yi. Na ji a jikina."

"Rufe mini baki," ta ce. "Ka ajiye numfashinka, ba shi da yawa."

Ta kawar da kai tana kallon fadamun shinkafa, don wannan maganar ma tana cikin abin da likitar Santiago ta lissafa mata, kuma Fermín ya faɗe ta.

A asibiti benci cike yake da jama'a. Ta cusa wa Eladio zakaransa a ƙirji ba tare da ta kalle shi ba, ya karɓa yana shafa shi yana duba wuyan. Ta wuce kan layi kai tsaye, masu jira suna gunaguni, ta tsaya gaban nas ɗin da ke karɓar marasa lafiya, wata doguwa mai suna Ivelisse. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi roƙo ba. Ta ce ƙanenta ne, rauni a hannu tun Lahadi, ya ruɓe, ga zazzaɓi da makyarkyata, ga haki, yana sambatu, bai yi fitsari ba tun jiya, kuma tana tsoron gubar jini ce. Ivelisse ta ajiye abin da ke hannunta ta fita da gudu da gadon turawa. Kafin Yokasta ta gama faɗin sunansa da shekarunsa, an sa masa ruwa a hannu, an ɗibi jini, an fara zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, an rufe masa hanci da abin iska.

Kwanakin farko babu wanda ya yi musu alkawarin komai. Ƙodarsa ta kusa tsayawa, jininsa ya yi ƙasa, likitoci suna shiga suna fita. Nereida ta rufe rumfa ta tare a baranda ita da Yokasta. Abokan dandali sun zo dubiya sau ɗaya, suka tsaya daga bakin ƙofa da hulunansu a hannu, suka tambayi jiki, daga nan hira ta koma kan ko za a ɗage karawar Janar. Ta kore su. Daga baya fitsari ya dawo, zazzaɓi ya sauka, Plinio ya farka ya nemi kofi. An yanke masa yatsu biyu da suka riga suka mutu, ƙaramin da na kusa da shi. Wani likita ya ce wa Yokasta da sun bari sai gobe, da ba yatsu za a yi magana a kai ba.

Ya dawo gida a rame, wando na zamewa daga ƙugunsa, tafiya kaɗan sai ya zauna ya huta. Ran da ya iya takawa zuwa rumfa, ya zauna a benci ya daɗe yana juya hula. Ya fara wata magana mai kama da godiya, ta katse shi ta tura masa faranti, ta ce ya ci ya tashi, bencin na masu saye ne. Ya ci yana kallon ƙasa.

A ƙauye kuwa labari ya riga ya sauya kama. A shagon da ke kan kwanar titi, inda ake shan giya da yamma, Eladio ne ya ceci kompadrensa. Shi ya lura da ciwon, shi ya bar shinkafarsa, shi ya yi gudun da ba a taɓa yi ba. Har wani ya saya masa kwalba. In an ambaci Nereida, sai a ce ai matar nan ta kusa kashe zakara mafi kyau a lardin. Da 'yan acaɓa suka kawo mata labarin, ta ci gaba da juya cukunta a mai, ta ce a bar shi, mutumin da bai taɓa yin abin kirki ba dole ya ari na wani.

Bayan 'yan makonni Ivelisse ta zo ƙauyen aikin rigakafi, ta biyo ta rumfa. Ta ce tana da wata buƙata. Mata suna zuwa asibiti, suna saurare, amma mazan yankin nan ba a ganinsu sai an kawo su a kwance. In ta kira taro a ɗakin shan magani babu wanda zai zo. Wuri ɗaya ne suke taruwa da ƙafarsu, kuma ta riga ta roƙi mai dandalin ya ba ta ɗan lokaci kafin a fara karawa. Tana so Nereida ta raka ta, ta faɗi abin da ta gani da bakinta. Nereida ta ce ita ba ta taɓa taka wannan ƙazamin wuri ba, kuma ba ta ga amfanin yi wa garken jakai wa'azi ba. Ivelisse ta ce jakan nan suna da mata da iyaye da jarirai a gida, kuma su ne masu motoci da babura. Nereida ta ce to, ran Lahadi Ivelisse ta biyo mata.

Dandalin ya fi yadda take zato wari: kashin kaji, taba, gumi, barasa. Maza sun cika bencina zagaye-zagaye har sama, suna ihu da 'yan yatsu a sama. Ivelisse ta shiga tsakiya da farar rigarta ta fara bayani cikin ladabi, babu mai jin ta, wani ma ya yi mata fito. Nereida ta tsallaka katangar da'irar da ƙyar, ta tsaya a kan yashin. Da suka gane ta, sai aka ga masu zakaru suna ƙara rungume kajinsu. Wurin ya yi tsit.

Ta ce ta san ba su da ƙwaƙwalwar riƙe magana mai tsawo, don haka za ta gajarta. Ta ce kowannensu in zakaransa ya yi laushi da safe, ya ƙi cin masara, ya saki fiffike, kafin rana ta ɗaga ya zaga lardin nan neman magani. To ta roƙe su, in ba zai zame musu wahala ba, su riƙa yi wa mutanen gidansu rabin wannan kallon. Duk wanda ke da rauni, ko tari, ko ciwon mara, ko macen da ta haihu kwanan nan, in ya kama makyarkyata, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi da gumi, yana haki, yana maganar da ba kai, fitsari ya ɗauke, to ba maye ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma abin jira ba ne. A ɗauke shi a lokacin, a je a ce ana tsoron gubar jini. Jariri kuma in ya ƙi mama, ya yi lakwas, ba ya jiƙa zane, haka. Sannan ta ce rauni ruwa da sabulu yake so, duk wanda ya ƙara fesa wa ɗan'adam barasa da ƙazamin bakinsa, ita da shi ne.

Ta nuna Plinio, yana zaune a benci na biyu, ta ce ya ɗaga hannu. Ya ɗaga. Wannan karon babu wanda ya yi shewa. Ta ce ta gama, su koma ga kajinsu.

Ba ta kai bakin titi ba ihu ya sake ɓarkewa a bayanta, an saki zakaru. Ta ce wa Ivelisse ga shi nan, ta faɗa mata, asarar yawu kawai suka yi.

Suna cikin tafiya sai suka ji taku. Wani ne daga cikin 'yan dandalin, Wilfrido, ɗan acaɓa mai yawan surutu, wanda ɗazu shi ya yi fiton. Ya waiga ya tabbatar babu mai ganinsa, ya cire hula. Ya ce ba wani abu ba ne, tambaya ce kawai. Matarsa ta haihu makon jiya, tun daren jiya take rawar sanyi, tana cewa mararta na ciwo, da safen nan kuma ta kira shi da sunan yayanta. Uwarsa ta ce ruwan nono ne ke zuwa. Shi dai ya ce bari ya ji.

"Ka bar ta a haka ka zo kallon kaji?" in ji Nereida.

Ta matso kusa da shi.

"Ina babur ɗinka?"

Ya nuna gindin bishiya. Ivelisse ta riga ta ciro waya tana neman mota. Nereida ta tattare siket ta hau bayansa, ta dafa kafaɗarsa, ta ce ya ja, kuma in ya kuskura ya kayar da ita a rami sai ta cire masa kunne. Suka bi hanyar gonakin koko, tana zaginsa tun daga nan har ƙofar gidansa.